Garantin Alhaji Halilu

Duk Mayahi babu mai hangen nesa irin Alhaji Halilu. Wasu hatsi suke tanadi, wasu ciyawa, shi kuwa takarda ya tanada. A shekarar da ruwa ya ɗauke, shanu suna faɗuwa a bakin rijiyoyi, mutane suna cire ƙyauren ɗaki su sayar su ci, Alhaji ya tafi Yamai ya sayo kat-kat, motar nan da ƙafafunta huɗu duka suke ja, wadda aka ce rairayi ba ya riƙe ta. Wannan kaɗai ya isa a yaba masa. Amma da mutanen kamfanin suka ce motar tana da garanti na shekara guda, wato idan ta lalace su za su gyara kyauta, sai Alhaji ya tambaya ko ana sayar da ƙari. Suka ce ana sayarwa. Ya ƙara shekara uku, a kan kuɗin da ya isa cika rumbu goma. Tun daga ranar ya zama Alhaji Garanti, kuma idan an kira shi haka yakan amsa da sauri.

Takardar shafi shida ce, da Faransanci, kowane sharaɗi a cikinta ana kiransa artikil. Alhaji ya yi lakwal, wato makarantar boko, shekara uku kafin mahaifinsa ya cire shi ya sa shi awon gyaɗa, don haka babu wanda ya fi shi cancantar fassara ta. Ya sa baduku ya ɗinka mata gida na fata irin na laya, ya rataya ta a wuya. Ranar kasuwa yakan zauna a ƙofar kantinsa ya karanta wa duk wanda ya zo sayen sabulu, har da wanda inuwa kawai ya tsaya sha.

"Ku mutanenmu ba ku san tsari ba," in ji shi. "Abu ya lalace, sai ku ɗauko guduma. Artikil na huɗu: babu hannun da zai taɓa injin wagga mota sai hannun kamfani. Wala, shi ke nan. Kun ga jan fentin da anka ɗiga bisa kowane noti? Shi ne shaida. Ran da fenti ya tsage, garanti ya mutu."

Shoferinsa Mutari yakan saurari wannan karatu yana goge gilashi. Mutari ya yi shekara goma sha huɗu yana jan manyan motocin gyaɗa tsakanin Tasawa da Maraɗi, kafin gyaɗar ta ƙare. Ya taɓa ɗaure injin da igiyar guga ya kai kaya gida. Alhaji ya ji labarin, ya tsorata ƙwarai. Ranar da ya ɗauke shi aiki ya karɓe akwatin kayan gyaransa ya kulle a sito, ya ba shi bokiti da tsumma.

Motar ta yi aiki tuƙuru a shekarar farin. Kullum da safe tana ɗaukar Alhaji daga gida zuwa kanti, taku ɗari uku. Ranar Juma'a tana zuwa masallaci. Da mai unguwa ya roƙa a kwaso wa mata ruwa a ganga daga rijiyar bayan gari, Alhaji ya nuna masa artikil na shida, mai maganar nauyi. Da wani makiyayi mai suna Tanna ya zo neman a kai mahaifinsa asibitin Tasawa, Alhaji ya duba shafi shidan nan tun daga farko har inda ya iya kaiwa, bai ga inda aka ambaci marar lafiya ba. Ya yi wa tsohon addu'a mai tsawo, kyauta. Ƙarshen shekara babu motar da ta kai tasa lafiya a duk ƙasar. Ko tari ba ta taɓa yi ba.

Damina ta biyo baya. Wata Talata da asuba aka yi ruwa mai ƙarfi wajen Isawane, irin wanda aka shekara biyu ba a gani ba. Sai dai babu iri, don mutane sun daɗe da cinye shi. Gwamnati ta tara irin hatsi a sito a Mayahi, kuma kyaftin ɗin sojan da yake mulkin yankin ya kira duk mai mota ya ce a kai wa ƙauyuka. Alhaji ya shafa jakar da ke wuyansa, ya dubi kyaftin, ya ga ba irin mutumin da ake karanta wa artikil ba ne. Sai ya miƙe ya yi jawabi a kan kishin ƙasa, ya ce shi da motarsa na talakawa ne. Aka ba shi buhu shida na Gidan Danda, gaba da Isawane.

Gidan Danda garin su Mutari ne. Mahaifiyarsa, Iya, tana can da gonarta. Ƙasarsu jigawa ce, kwana biyu take riƙe laima. Wanda bai yi shuka cikin kwana biyun nan ba sai ya jira wani ruwan, kuma bayan abin da aka gani bara babu mai rantsuwa cewa wani ruwan zai zo da wuri. Iya ta aiko tun Talatar cewa an fito da sungumi, abin zubawa a rami ne babu.

Mutari ya ɗora buhunan kafin azahar. Amma Alhaji ya ce da kansa zai kai, kuma mutum irinsa ba ya shiga ƙauye da riga ba guga. Aka jira babbar riga. Aka jira mai hoto. Ba a tashi ba sai Laraba da hantsi. Kwana ɗaya ya tafi.

Sun yi rabin hanya, daidai wani gawo, motar ta yi tarinta na farko a duniya. Ta sake yi, ta yi jijjiga, ta tsaya. Tun kafin ya sauka Mutari ya san ciwon. Alhaji isansi, wato fetur, na garwa yake saye wajen masu tsallako iyaka da shi, don ya fi araha, kuma takardar ba ta hana ba, ko kuwa ta hana a shafin da bai kai ba. Mutari ya ɗaga murfin injin ya nuna masa wata 'yar kwalba da isansi yake bi ta cikinta. Laka ta cika ta. Noti ɗaya ne ya riƙe ta, mai kunne, wanda ake kwancewa da yatsa biyu.

"Alhaji, datti ne kawai. Kafin ka gama alwala na gyara."

"Akwai fenti bisa notin?"

"Akwai."

"To rufe."

Mutari ya ce masa laimar ƙasa tana tafiya. Alhaji ya ce ai don rana irin ta yau ya sayi garanti, kuma yana murna da ta zo, jama'a su ga yadda tsari yake aiki. Zai koma Mayahi ya buga wa kamfani waya, su aiko makanikinsu daga Yamai. Mutari ya tambaya kwana nawa. Alhaji ya ce Bature ba ya saɓa alkawari, ya bar maganar a nan.

Ana haka sai ga wani mai suna Na Allah da amalanken jaki, ya fito daga wajen Isawane. Jakin ƙashi ne da fata, yana cikin 'yan kaɗan da suka tsira. Mutari ya roƙa a ɗora ko buhu biyu a juya da su Gidan Danda, idan an bi a hankali za su isa kafin dare. Alhaji ya ce iri ba ya ruɓewa a kwana guda, amma artikil na takwas ya ce a sanar da kamfani ba tare da jinkiri ba. Ya tattare rigarsa ya hau amalanken, ya buɗe lema. Kafin jakin ya yarda ya motsa, ya juyo.

"Ka tsare ta. In ka taɓa fentin nan, ka nemi wani uban gida."

Mutari ya zauna a gindin gawon. Ya tura yatsa cikin rairayi, ya ji danshi a gaɓa ta farko. Ya tuna matarsa Zalika da 'ya'yansu uku, waɗanda albashin nan ne ya fitar da su daga bara. Ya tuna shoferori nawa suke zaune a tashar Tasawa ba mota. Ya yi sallar azahar. Ya sake tura yatsa, wannan karon sai da ya kai gaɓa ta biyu. Ya dubi hanyar Mayahi, lemar Alhaji ta ɓace. Ya tashi ya ɗaga murfin.

Fentin ya tsage ba tare da wata ƙara ba. Ya zubar da lakar, ya goge kwalbar da bakin rigarsa, ya sa baki a bututun ya hura, ya tsotsa har isansi ya cika masa baki, ya tofar. Ya mayar da komai ya murza makulli. Motar ta tashi. A ranar ne kat-kat ɗin Alhaji ta fara sanin abin da aka ƙera ta dominsa. Ta hau tudun rairayi ta sauka kamar ta shekara tana jira.

Gidan Danda duk suna bakin gari, maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙorai. Mai gari bai tsaya gaisuwa mai tsawo ba, ya sa aka farke buhu aka fara awo da tiya. Iya ta zo ta leƙa cikin motar.

"Ɗan nan, ina mai ita?"

"Ya tahi neman mai gyara."

"Ta lalace ne?"

"Ƙwarai kuwa."

Iya ta dubi motar tana ta gurnani, ta ce Allah ya ba ta lafiya, ta miƙa ƙwaryarta. Kafin Mutari ya juya kan motar an riga an bazu a gonaki. Namiji yana gaba yana sara, mata suna biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. Babu wanda ya ɗago kai ya yi masa sai an jima.

Kafin magariba ya dawo gindin gawon, ya ajiye tayoyin a kan sawunsu na farko. Ya ɓare jan goro ya tauna sosai, ya ɗiga ruwan a kan notin da tsinke. Da ya bushe, wanda bai taɓa riƙe sifana ba ba zai ga bambanci ba.

Washegari da hantsi Na Allah ya dawo da Alhaji. Da Alhaji ya ga babu buhuna, Mutari ya ce mutanen garin sun zo da jakuna sun kwashe. Alhaji bai tambaya ina suka samo jakuna a wannan shekara ba. Bai kuma lura da sawun taya da ya yi arewa ya dawo ba, don ba a takarda aka rubuta shi ba. Ya ɗaga murfin ya ga ja a kan noti, hankalinsa ya kwanta. Ya ce wa Mutari ya murza makulli sau ɗaya, don ya ji irin ƙarar da zai bayyana wa makanikin kamfani. Motar ta tashi nan take.

Fuskar Alhaji ta washe.

"Ka gani? Jiya da la'asar na buga waya. Wala. Ai ba sai sun zo ba."

Mako uku ana jin wannan labari a ƙofar kanti. Kullum yana ƙara tsawo. Alhaji ya bayyana cewa manyan kamfanoni suna da hanyoyin da ƙaramin mutum ba zai gane ba. Ya ce da ya biye wa shoferinsa, da yanzu an kashe garanti kuma an ɓata injin. Ya shawarci kowa ya daina gaggawa. Mai garin Gidan Danda ya aiko masa da kaza ɗaya ta godiya, ya karɓa a madadin kamfani.

Ranar wata kasuwa, yana tsakiyar labarin, daidai wurin da ya hau amalanke don ceton talakawa, sai ga Salifu ma'aikacin gidan waya da takarda a hannu. Ya gaida Alhaji da ladabi, ya ba shi haƙuri. Ya ce ruwan Talatar nan ya kayar da turakun waya a hanyar Maraɗi, har yau ba a gama tayar da su ba. Ya yi ta jira ko za a gyara ya tura saƙon, ya ga abin ya yi nisa, shi ya sa ya kawo masa takardarsa da kuɗinsa. Saƙon bai bar Mayahi ba.

Wani dattijo da ya zo sayen gishiri ya gyara zama. Alhaji ya dubi takardar. Ya dubi motar. Ya dubi Mutari, wanda yake durƙushe yana wanke taya. An ga alamar lissafi yana tafiya a goshinsa, kuma an ga inda ya kai ya ja birki. Idan hannu ne ya gyara motar, garanti ya mutu tun mako uku, kuma fatar banza yake rataye da ita. Ya gyara hula, ya ɗaga takardar Salifu sama yadda kowa zai gani.

"Jama'a, kun ji da kunnenku. Saƙon ma bai tahi ba, mota ta warke. To ina ga ya tahi? Wanda ya ce garanti ba shi da amfani, ya zo ya gaya mani."

Babu wanda ya zo. Dattijon ya ce lalle abin da ban mamaki, ya karɓi gishirinsa. Mutari ya matse tsumma ya koma taya ta gaba. Shi dai abin da ya sani, kwana huɗu ya yi yana jin isansi a cikin tuwonsa, kuma hatsin Iya ya kai taƙi guda.