Bangon Da Na Gina Da Alli

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a tsakar gidan Malam Idi magini ba, shekarata ta biyu a Tamanrasset. Lokacin na zo daga Maradi da takardar digirin lissafi, ina tsaron shagon kawuna, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro aljabara.

'Ya'yan mutanenmu da aka haifa a nan suna lekkol, wato makarantar boko, amma da sun kai jarrabawar bak, wadda ke buɗe ƙofar jami'a, sai lissafi ya kayar da su. Shi ne na ce zan riƙa koya musu kyauta bayan la'asar. Malam Idi ya ba mu tsakar gidansa da wani tsohon ƙyauren ƙofa da muka shafa wa baƙin fenti ya zama allo. Mu bakwai ne har da ni. Kai, ina kewar wurin nan! Inuwa ta sauko daga duwatsu, shayi na tafasa a kan gawayi, awakin maƙwabta na leƙo mu.

'Yar Malam Idi, Hadiza, ce ta fi damuna. Ta faɗi bak sau ɗaya, kuma uban ya ce in ta sake faɗi, sai ta kama keken ɗinki wajen gwaggonta. Tana haddace ƙa'idoji tsaf, amma a ba ta tambaya cikin zance a ce ta mayar da ita lissafi, sai ta rikice. Ni kuwa sai in ƙara zuba mata Faransanci (wanda ni kaɗai nake jin daɗinsa).

Ran nan dabara ta faɗo mini. Na ce zan kawo misali daga sana'ar gidansu, ai shi ne koyarwar zamani. Har sabuwar riga na saka. Malam Idi ya dawo daga aiki da abokansa biyu, suka zauna gefe suna shan shayi, ni kuma na ƙara ɗaga murya don su ji.

"Wani magini zai ɗaga bango," na ce. "Kowane buhun siminti yana haɗa shi da baro goma sha biyu na yashi..."

Sai na ji an ajiye kofi.

"Mushe, baro nawa ka ce?" in ji Malam Idi. (Mushe ake kiran malamin lekkol, daga Faransanci.)

"Goma sha biyu, Malam. Misali ne kawai."

"Innalillahi! Wa zai kwana a ɗakin?"

Abokansa suka tuntsire da dariya. Ɗaya har ya ƙware da shayi. Maimakon in yi shiru (Allah ya raba mu da taurin kai), sai na ce a ilimin lissafi lambar ba ta da muhimmanci.

"A wajenku," ya ce. "A wajenmu bunsuru ya sosa jikinsa a bangon nan, sai dai a tono mutane."

Wallahi ji na yi kamar in shige bayan allon. Ni da ban taɓa ɗaga bulo ba, na zo gidan magini ina gini da alli. Ɗalibaina duk sun rufe baki da littafi, kafaɗu na rawa.

Sai ya juya wajen 'yarsa. "Ke Hadiza, uku-uku muke zubawa. In mota ta sauke baro goma sha takwas, buhu nawa zan buɗe?"

"Shida, Baba."

"In akwai biyu a ɗaki fa, nawa zan aika a kawo?"

"Huɗu mana." Ko numfashi ba ta ja ba.

Da ragowar kunyata na rubuta abin da ta faɗa a allo, na sa x a wurin buhunan da za a kawo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Au! Mushe, dama x ɗin nan buhun da bai iso ba ne?"

Wata biyu ina fama, uban ya gama aikin kafin shayi ya huce. Daga ranar na rage surutu. Kowace Asabar ɗalibi ke kawo tambaya daga gidansu, ɗan mai awaki ya kawo ta dusa, 'yar mai taksi ta kawo ta fetur, mu mayar da ita lissafi tare.

Hadiza ta ci bak, ta shiga jami'a, ita ce ta farko a layinsu. Ranar da sakamako ya fito Malam Idi ya kama hannuna gaban jama'a, idonsa ya ciko, ya ce, "Ga malamin 'yata, Allah ya saka masa. Amma don Allah kada wanda ya ba shi gini."

Har yau ina koyarwa. Sai dai kafin in rubuta misali a allo, nakan fara tambayar wanda ke cin abinci da sana'ar.