Yadda Injiniya Ssebuliba Ya Datse Ɓarna

Duk unguwar Katwe, daga bakin layin dogo har kasuwa, babu mai walda kamar Injiniya Yowasi Ssebuliba. Wanda ke shakka ya je ya tambaye shi, zai tabbatar masa. Mu da muka san shi tun yana liƙa ƙafar murhun gawayi ba mu san ranar da ya zama injiniya ba. Mun dai wayi gari mun gani a allon shagonsa, abin da fenti ya faɗa kuwa wa zai musa? A bayan idonsa Farfesan Tartsatsi ake ce masa. Da labarin ya kai kunnensa ya ji daɗi ƙwarai, don a zatonsa ƙarin girma ne.

Abin da ya ɗaga shi sama da sauranmu inji ne. Kowa a layin da sandar walda yake aiki, shi kuwa ya sayo na hannu irin mai tura siririyar waya da kansa, ta bi ta cikin dogon tiyo ta fito a bakin bindigar walda. Tun daga ranar ya daina cin katogo, faten ɗanyar ayabar nan, a rumfar Maama Nakiganda tare da jama'a, sai dai a kai masa a rufe. Ya koma walda da kwat a kan kanzu, doguwar farar rigarsa. Wuta ta yi wa kwat ɗin huda-huda kamar rariya, ya ce iska ce ke shiga.

Mai irin wannan daraja ai zama haka bai kamace shi ba, sai ya fito takarar shugaban ƙungiyar masu walda. Kujerar ce ke raba filin aiki a layin, ita ke zama da manyan birni a sha shayi. Har ya aika ƙauyensu can Masaka cewa an gama, a fara kiwon akuyar biki. Abokin karawarsa, Hajji Lubwama, tsoho ne mai ƙera tagogi, bai iya jawabi ba. Saboda haka Injiniya ya yi alkawarin ranar zaɓe zai haɗa ƙofar ofishin ƙungiya a gaban kowa, a ga bambancin ilimi da gargajiya.

Ana saura 'yan kwanaki, inji ya fara gardama. Waya ta fito, ta tsaya, ta yi tari, ta sake fitowa. Walda ta koma kamar kashin kaji.

Laifi tudu ne. Injiniya ya hau nasa ya hango na masu wutar lantarki, ya zage su tas. Ya zagi wayar, ya ce jabu ce. Ya zagi damina. Ya ƙara ɗaure tayoyin da ke tura wayar har suka latse ta, ta riƙa zubar da gari. Ya shafa mata giris, garin ya samu abin kamawa ya cushe hanya gaba ɗaya. Daga nan ya gano gaskiyar magana: Hajji Lubwama ya yi masa asiri. Ya kira fasto ya yi wa tiyo addu'a, tiyo bai tuba ba.

Da ya ga uwar bari, ya hau bodaboda, wato acaɓa, ya tafi unguwar Kisenyi a ɓoye. Mai shagon kayan walda ko kallonsa ba ta yi sosai ba, ta ce laina ce ta mutu, wato siririn bututun nan mai kama da sifirin da ke cikin tiyo, wanda waya ke bi. Ta miƙo masa sabuwa, ta ce ita kaɗai ta rage sai kaya sun iso daga Mombasa.

"Na sani mana, 'yar nan," in ji shi. "Gwada ki nake yi."

A jikin ledar akwai zane ɓaro-ɓaro: a miƙar da tiyo a ƙasa, a zura laina, a bar ɗan rara a baki kafin a yanke. Injiniya ya yaga ledar ya jefa a kwata. Zane ai na 'yan koyo ne.

Mutum mai hankali da ya sa abinsa a shago, ya gwada, ya yi shiru. Injiniya kuwa ya ga asara ce a yi irin wannan babban aiki ba 'yan kallo. Ya ajiye lainar sai ranar zaɓe.

Ranar, an cika harabar ƙungiya maƙil, har masu soya capati, wainar fulawa, sun bar kaskonsu. Injiniya ya zare tsohuwar lainar, baƙa ƙirin, ya ɗaga ta sama.

"Ku duba, 'yan'uwa! Wannan ita ce tsohon shugabanci. Ta toshe, ta ruɓe, ba ta barin ci gaba ya wuce!"

Aka tafa. Tafi kuwa giya ne a wurin Yowasi. Ya zura sabuwar, sannan don mai hoto ya samu abin ɗauka, ya naɗe tiyon a wuyansa zagaye biyu kamar sarƙar magajin gari. Lainar ta leƙo daga bakin bindiga.

"Kun ga wannan rarar? Ɓarna ce. A mulkina babu rara, babu ɓarna!"

Wani daga baya ya ɗaga murya: "Farfesa, ba ka auna ba!"

"Tela ke awo, ɗan'uwa. Idona ya wuce tef."

Ya sa filaya ya datse ta daidai baki, ƙat. Da ya sauke tiyon daga wuya ya miƙe, lainar ta shige ciki ta ɓace kamar ɓera a rami. Ya leƙa. Ya girgiza. Ya zaro ta, ya duba, ya ce bakin ne bai yi kyau ba, ya ƙara datse kaɗan don ya daidaita. Kai, ƙaramin sani ƙuƙumi ne! Abin da ya gajarce, yanka ne maganinsa?

Ya mayar, ya ɗaure, ya sauke gilashin fuska da ƙasaita, ya danna kunamar bindiga. Inji ya yi gurnani. Baki bai fitar da komai ba. Wayar ta samu giɓi a hanya, ta lanƙwashe, ta dawo tana murɗewa a cikin injin. Shi kuwa ya ci gaba da dannawa yana murmushi, yana cewa injin zamani sai ya yi tunani tukuna. Da murfin ya ɓalle, waya ta bulbulo waje kamar taliya ta ƙwace daga tukunya.

"Farfesa, a kawo miya?" in ji Maama Nakiganda.

Wuri ya ɓarke da dariya, har Hajji Lubwama sai da ya rufe baki da hula. Injiniya ya durƙusa ya cusa hannu biyu zai warware kafin a gani, alhali an riga an gani. Wayar walda kuwa ba ta san injiniya ba. Ta naɗe yatsunsa, ta kama maɓallan kwat, ta ɗaure wuyan hannayensa tam a jikin inji. Yana fizga tana ƙara shaƙewa.

Hadari ya haɗo, sakataren ƙungiya ya ce ba za a jira ruwa ba, a yi zaɓe yanzu da ɗaga hannu kamar yadda aka saba. Masu son Hajji Lubwama? Hannuwa suka tashi kamar gonar rake.

"Masu son Injiniya Ssebuliba?"

Sakatare ya duba dama, ya duba hagu, don adalci ya duba ƙasa inda ɗan takara ke durƙushe yana kokawa da waya. Ya ba shi lokaci, wallahi ya ba shi. Sannan ya ce babu ko ɗaya, a rubuta cewa har shi kansa ɗan takarar bai goyi bayansa ba.