Labarin Damina Yana Wurin Mai Kitso

Jama'a, jiya na je ofishin noma da ƙonanniyar gyaɗata ƙulle a bakin zane. Ruwan farko ya sauka na shuka, sai sama ta ɗauke kwana ashirin cur. Maƙwabciyata kuwa ko rami ba ta tona ba, wai ta san ruwan yaudara ne.

Na zube wa Mai Girma Sarkin Kujera ƙullin a tebur. "Ranka ya daɗe, gonata na gaisuwa."

"Ai Iya mun sanar! Mun tura saƙo a wayar kowane maigida."

"Nawa maigidan shekararsa bakwai a ƙasa."

Ya duba takarda, ya ce tabbas saƙon ya tafi. To madalla! Allah ya jiƙan Malam, shi yana kwance an gaya masa ranar shuka, ni mai riƙe da fartanya ko oho. Na ce a sa lambata. Wai sai maigida ya zo da kansa ya sa hannu. Na yi dariya har mayafina ya zame, mai gadi ya leƙo.

Da na dawo na tsare maƙwabciya. "Ke uwar 'yan biyu, mijinki ko waya ba shi da ita. Wa ya tsegunta miki?"

"Mai kitso mana."

Ashe can matar Mai Girma ke kitso duk sati. Ta ji a bakin miji, ta juye wa mai kitso, mai kitso ta juye wa duk kan da ya shiga tsakanin gwiwoyinta. An sayo na'urorin hasashen ruwan sama, an yi taro a otal, an raba huluna, amma mu da tsufa ya kwashe wa gashi sai mu yi ta shuka a makance.

Irin da ya rage mini kwano ɗaya ne, in ya ƙone bana sai roƙo. Da safen nan na je wurin mai kitso na zauna, na tuɓe ɗankwali.

"Kai, Iya! Me zan kama a nan?"

"Kama abin da kika samu, 'yar nan. Bakinki na zo wa."

Ta ce a jira kwana tara. Na fito da kitso biyu kamar wutsiyar ɓera, ina tafe ina taƙama.

Ku dai taya ni addu'a kada Mai Girma ya ɓata wa matarsa rai. Ranar da suka daina magana, gonakin unguwarmu sun shiga uku.