Digiri Ashirin da Tulunan Cica

Garinmu bai taɓa haifar masani irin Don Melitón Huamaní ba, shi da kansa ya sha tabbatar mana da haka. Shekara shida ya yi yana gadin ƙofar wani kamfanin giya a Lima, babban birnin ƙasarmu, ilimin kuwa duk ta ƙofar nan yake wucewa. Ya dawo mana da kwat mai ruwan toka da ma'aunin zafi a aljihun gaba. Shi Injiniya yake kiran kansa; mu muka laƙaba masa Digiri Ashirin, ya ɗauka sarauta ce.

Bana shi ya ɗauki nauyin bikin waliyyin gari, a tsakiyar Yuni, lokacin hunturunmu, da ruwan randa ke kwana ya wayi gari ƙanƙara. Sandar shugabancin gari yake nema, dattawa kuwa ba sa miƙa ta ga wanda cicarsa ba ta yi kumfa ba. Ita cica, giyar masararmu, ba ta shiri da sanyi. Tun kakanni a madafa take nuna, gefen murhu, tulu lulluɓe da bargo, ɓerayen Masar da muke kiwo suna kwana a gindinsa.

Injiniya ya leƙa madafar matarsa, Doña Ricardina, ya toshe hanci.

"Ricardina, kimiyya ba ta kwana da ɓeraye. Digiri ashirin cica ke buƙata, ba hayaƙi da gashi ba."

Ya sa aka kwashe tulu shida zuwa sabon ɗakinsa mai rufin kwano. Na bakwai bakinsa a fashe yake, ya ce bai dace da ɗakin bincike ba, ya bar mata. Kullum da tsakar rana sai ya sa kwat, ya tara mu, ya tsoma ma'auni: ashirin cif. Da asuba kuwa, sa'ad da kwanon ke zubo sanyi, babban mutum ba ya fitowa daga bargo. Wallahi har tausayin tulunan nan na ji.

Ranar biki aka buɗe tulunan nan shida, Tayta Saturnino, babban dattijonmu, ya ɗiga wa ƙasa rabonta kamar yadda aka saba, ya kurɓa, ya tambaya ko akwai mai jego a gidan da aka dama wa kunu. Makaɗa suka sha ƙwarya uku-uku, suka busa waƙa daidai daga farko har ƙarshe. Ba mu taɓa jin haka ba, hankalin kowa ya tashi.

Can sai ga Doña Ricardina da tulu mai fasasshen baki, kumfa na bin gefensa. Kafin ƙwarya ta zaga sau biyu, mai ƙaho ya ɓata hanya, biki ya dawo hayyacinsa. Nan take Injiniya ya miƙe, cinyar gasasshen ɓeran Masar a hannu.

"Jama'a, wancan shida gwaji ne. Wannan shi ne sakamakon. Ƙwararrun ma'aikata na ɗora a kansa, dare da rana."

"Gaskiya ne, Tayta," in ji Doña Ricardina. "Su goma sha huɗu ne. Ga cinyar shugabansu nan yana nuna ku da ita."

Yanzu dai sandar tana hannun Doña Ricardina. Injiniya na nan da ma'auninsa, har yau kuma ashirin yake nunawa, da tsakar rana.