Gaurakar da Na Kwaso Daga Gandi

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren Kawu Lawali ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, direbobin tashar Goronyo ba za su bar ni ba.

Ni dai tun ina firamare ba abin da na iya kamar zanen mota. Lissafi ya gagare ni, Turanci kuwa daga nesa muke gaisawa, amma ka ba ni fensir da bayan kwali, kafin ka shanye kofin kunu na fito maka da babbar mota har da hayaƙinta. Da na shiga babbar sakandare sai abin ya zama sana'a. Ranar kasuwa nakan zauna kusa da mai shayi a tasha, direban motar albasa ya nuna min tasa, in zana masa ita, in sa kala, in miƙe duk inda ta lotse (direba ba ya son gaskiya a zane), ya saya ya liƙa a cikin mota ko ya kai ɗaki ya rataye.

Ana haka wata rana malaminmu ya yi mana darasi a kan haƙƙin mallaka. Ya ce tambarin da ke goshin kowace mota na kamfanin da ya ƙera ta ne, kuma wanda ya riƙa sayar da shi ba izini ana iya maka shi kotu. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Ina rufe ido sai in ga Turawa sun sauko daga jirgin sama a bakin kasuwar albasa suna tambayar gidanmu. Daga nan na daina zana tambari, sai in bar wurin fili.

Direbobi suka ƙi yarda. Wani ya duba zanen motarsa ya ce, "Kai, mi na haka? Mota ba tambari awa mutum ba hanci!"

Na gane dole in samo tambarin kaina. Na yi sati biyu ina ƙoƙari, duk abin da na zana sai ya fito kamar ƙwarya.

Hutu ya zo, aka tura ni Gandi wajen kakata. An gama girbi, gonaki duk karan gero a kwance. A bayan gari akwai wata tsamiya, a gindinta kuwa wata tsohuwar babbar mota, ba taya, ba gilashi, kanta a murɗe, tsatsa ta cinye ta har kana hango sama ta cikin rufinta. Amma a ƙyauren bayanta akwai zanen gauraka, shuɗiya, ta ɗaga ƙafa ɗaya, da ɗigo-ɗigo farare a ƙarƙashin fiffikenta. Fentin yana sheƙi kamar jiya aka shafa shi.

Na tambayi yaran unguwa. Suka ce motar mamaci ce, mai ita ya daɗe da mutuwa, kuma shi ne ke dawowa duk shekara yana sabunta zanen. Ba wanda ke zuwa wurin, ko awaki zagaye shi suke yi.

Mai hankali zai je ya tambayi babba. Ni kuwa abin da ya faɗo min a rai shi ne, mamaci ba ya zuwa kotu.

Na zaɓi tsakar rana, lokacin da kowa ke cikin inuwar gidansa (na san abin da ake faɗa game da gindin tsamiya da tsakar rana, amma ai ni ɗan boko ne). Na zauna a kan wani dutse na fara kwafa. Shiru wurin ya yi, irin shirun da har kana jin tafiyar fensirinka. Ba iska, amma ƙofar motar sai ta ce ƙiii, ta tsaya. Warin fenti ɗanye yana shiga min hanci. Idon gaurakar nan, duk inda na gusa, ni yake kallo. Na ƙirga ɗigon ƙarƙashin fiffiken, sha ɗaya ne, na zana sha ɗaya. Ina gamawa na tashi da niyyar tafiya a natse kamar namiji, ban san lokacin da na tsallake katangar kakata ba.

Da na dawo Goronyo, gauraka ta yi kasuwa. Duk motar da na zana sai in ɗora mata ita a goshi da kuma ƙofa. Direbobin Rabah da na Wurno ma suka fara nemana. In an tambaye ni inda na samo ta, sai in dafa ƙirji in ce a mafarki na gan ta. Har rubutu na riƙa yi a ƙasan kowane zane da jan biro: KADA A KWAFA. Da wani ɗan ajinmu, Murtala, ya zana ta a bayan littafinsa, sai da na ci kwalarsa a gaban mutane, na karanta masa darasin malam tun daga farko har ƙarshe, na ce ɓarawon basira ya fi ɓarawon akuya muni.

Sai wani tsoho ya fara zuwa tashar.

Dogo ne, siriri, da farar riga da ta sha wanki. Ranar farko na ɗago kai na gan shi tsaye can gefen tasha yana kallon kwalayena. Bai sayi shayi ba, bai yi magana da kowa ba. Abin da ya tsinka min zuciya yatsunsa ne: shuɗi ne a kansu, irin shuɗin gaurakar nan sak. Na sunkuya in ɗauki fensir, na ɗago, babu shi. Warin fenti kawai ya bari.

Na ce wa mai shayi, "Ka ga wani tsoho nan yanzu?"

Ya ce, "Wane tsoho?" (Daga baya na gane mutum bakwai ne ke jiran shayi a lokacin, ko raƙumi ya wuce ba zai gani ba.)

Kasuwa ta zagayo, ya dawo, wannan karon ya matso kusa. Ta uku kuwa har inuwarsa ta taɓa kwalina. Na duƙar da kai ina karanta duk addu'ar da na haddace, har da ta shiga bayi. Ban gaya wa kowa ba, don in na faɗa sai na faɗi inda na samo gauraka, kuma na riga na rantse wa rabin tasha cewa mafarki ne.

Ana cikin haka auren Kawu Lawali ya taso. Ƙanen mahaifiyata ne, direban babbar mota, a Rimawa za a ɗaura. Na yanke shawarar in yi masa kyautar da za a daɗe ana zancenta: motarsa a jikin faffaɗan katako, da gauraka mai girman faranti a ƙofa. Lissafina shi ne duk direban da ke yankin zai halarta, daga ranar sunana ya gama zagaya tashoshi.

Aka ɗaura aure da hantsi, aka koma ƙarƙashin rumfa ana cin shinkafa. Mutum biyu suka ɗago katakon, aka yaye zanin da na rufe shi da shi, wuri ya ɗauki tafi. Maroƙi ya kwarara min kirari, ya miƙo min abin magana in faɗa wa jama'a yadda aka yi. Na gyara hula. Na ce wata rana ina barci sai na ga tsuntsuwa ta sauko daga sama, shuɗiya, ta ce min...

Sai na ji warin fenti.

Yana tahowa daga bayan taron, a hankali, mutane suna darewa suna ba shi hanya. Ni a ganina ba sa ganinsa, jikinsu ne kawai ke jin sanyin wucewarsa. Ya zo ya tsaya gaban katakon, ya ɗora shuɗin yatsansa a ƙarƙashin fiffiken gauraka, ya juyo ya dube ni.

"Yaro, ɗigon ga nawa na?"

Abin maganar yana bakina. Da duk ƙarfin da Allah Ya ba ni na ce, "FATALWA! Wayyo Inna, ya biyo ni!" Lasifika ta kai muryata har gonakin albasa. Na ja da baya, na taka farantin shinkafa, santsin mai ya kwashe ni, na faɗa ƙarƙashin benci hula a gefe, ƙafa ɗaya a cikin miya.

Tsohon ya leƙo ƙarƙashin bencin ya ce, "Ɗana, fatalwa tana zakkuwa cin shinkahwa?"

Kawu Lawali ya jawo ni da kunne. "Kai, kanka ɗaya? Wanga Baba Sidi na, mai fenti na Gandi! Shi ya rubuta motar da na koyi tuƙi da ita. Ni na gayyato shi."

Aka kwashe da dariya, har wani ya ƙware da ruwa. Da a nan abin ya tsaya, da na gode Allah.

Baba Sidi bai yi dariya ba. Ya sake cewa, "Na tambaye ka, nawa na?"

Na ce sha ɗaya.

"Mi suka nufi?"

Ina jin bakina yana cewa, wai 'yan wasan ƙwallo ne su sha ɗaya.

Ya girgiza kai. Ya ce tun da yake fenti, kowane direba da irin zanen da yake yi masa, ba ya maimaita na wani a motar wani. Gauraka kuwa mutum ɗaya ya taɓa yi wa ita, ɗansa Bello, ranar da ya fara tuƙa mota tasa ta kansa. Motar ta kife da shi da lodin albasa a hanyar Wurno, bai tashi ba. Aka jawo ta aka ajiye a gindin tsamiya. Tun daga nan duk bayan girbi yakan je ya sabunta zanen, ya ƙara ɗigo ɗaya.

"Na gane ta liƙe gaban motar wani a Wurno," in ji shi, "na aza idona na. Aka ce mani wani yaro na Goronyo ka yin ta. Sau ukku ina tsayawa gabanka, ina jiran ka ɗago kai mu gaisa. Ban zaka da rigima ba."

Ina kallon fuskokin direbobi ɗaya bayan ɗaya suna gane abin da ke liƙe a motocinsu wata da watanni. Wani ya ajiye cokali, ya ce innalillahi, ya ruga wajen motarsa da gudu. Na biyu ya bi shi. Kafin ka ce me, rabin rumfa ta watse, sai ƙarar yagar kwali kake ji daga bakin hanya. Kawu Lawali kuwa ya tsaya yana duban kyautata, motarsa ɗauke da alamar motar da ta kife, a ranar aurensa.

Ya ce, "Allah Shi saka maka, ɗan yaya." Ban taɓa jin addu'a mai ban tsoro kamar wannan ba.

Mahaifina bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Ya sa na bi direbobin nan ɗaya ɗaya ina ba su haƙuri, na sake zana wa kowa motarsa, sannan ya sa ni gaba har Gandi na durƙusa gaban Baba Sidi. Tsohon ya karɓi zanen da na fara kwafa, ya daɗe yana dubawa, ya ce hannuna yana da kyau, amma na gajarce mata wuya. Ya ce da na yi sallama na tambaya, gaurakar dai ba zai ba ni ba, amma da ya zaunar da ni ya nuna min yadda ake ƙirƙiro na kai. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Bai mayar min ba, ni ma ban nema ba.

Sai da damina ta wuce kafin wani direba ya sake tsayawa gabana, shi ma sai da ya sa na rantse cewa babu wanda ya mutu a cikin zanen. Murtala kuwa, duk inda muka haɗu, gyara kwalarsa kawai yake yi ya wuce.

Abin da na koya shi ne, duk abu mai kyau da ka tsinta a yashe, akwai wanda ya ɓata hannunsa ya yi shi, kuma galibi ba shi da nisa. Sannan idan yara suka ce maka mai abu ya mutu, don Allah ka nemi babba ya faɗa maka wane ne ya mutun, mai motar ko mai zanen.