Kati Mai Lamba Ɗaya

Jama'a, yau na tura babur daga gadar Kotonu har kasuwar gwanjo ta Misebo, rana na dukana, 'yan zem masu acaɓa na wucewa suna yi mini ihu da sunan da ake kiran kawu a nan, "Tonton, ka sayar da shi ka sayi jaki!" Man kwalba na bakin hanya ya yi tashin gwauron zabi, gidan mai kuwa layinsa ya kai inda ido ba ya gani. Amma kada ku damu, an ce man yana nan birjik. Mai Girma Uban Kwamitoci ne ya faɗa a rediyo, kuma wane ni in ƙaryata mutumin da bai taɓa tura babur ba?

Abin da ya kai ni Misebo abin kunya ne, amma tunda mun saba, bari in faɗa. Wasan bidiyo na je saya, na gwanjo. E, ni ɗin nan da furfurata. Tun da na ajiye aikin koyarwa na sami wata 'yar na'ura ta hannu, ita ma gwanjo, nake ta danne-danne. Maman Sika, uwargidana, ta ce da wannan da giya gara wannan.

To ga inda gizo ke saƙar. A gidan da ke manne da namu akwai Fifame, 'yar abokina marigayi. Shekara uku yarinyar nan ta yi ita da abokan aikinta biyu suna ƙera wasa a ɗaki guda, wuta ta zo su yi aiki, ta ɗauke su yi fifita. Wasan ɗan zem ne mai kauce wa ramuka da damina, kuma wallahi ramukan na layinmu ne, har wanda ya cinye mini taya na gane shi. Suka zuba shi a ƙananan katuna ɗari uku. Yanzu rabin gari na buga shi, amma katunan ba su ma ƙare ba, domin wanda ya gama sai ya sayar wa na gaba.

Mun sha yin musu da ita a kan wannan.

"Tonton, duk katin da ya sauya hannu, ni ko sisi ba na gani," in ji ta. "Ku ci tuwo ku ce ya yi daɗi, mai tuƙin tana kwana da yunwa."

Na ce, "'Yata, rigar jikina gwanjo, babur ɗina gwanjo, firjinmu wani Bature ya gaji da shi kafin ya iso. In na sayi kujera wurin kafinta na sayar, sai in koma in ba shi wani abu?"

"Kujera tana tsufa, Tonton. Wasana ba ya tsufa, ni ce nake tsufa."

Sai na ce mata ba a yi wa manya musu.

Da maganar ta yi zafi a rediyo, sai manyanmu, Allah ya ƙara musu tumbi, suka ji tausayin masu ƙera wasanni. Aka kafa Kwamitin Yaƙi da Gwanjon Wasanni. Kwana uku ana taro a otal, an ci kaji har kaji sun kai ƙara. Aka gayyaci Fifame, ni ma na bi ta a matsayin uba. Ta miƙa wa Uban Kwamitoci katin farko, mai lamba ɗaya, ta rubuta a kwalinsa da hannunta: "Ga wanda ya tuna da mu." Ya ɗaga shi sama aka ɗauki hoto, ya ce duk mai sayen wasan gwanjo maƙiyin ƙasa ne. Na sunkuyar da kai. Ya ce yana isa gida zai buga, kuma cikin mako biyu za a ba su ɗakin aiki mai wutar da ba ta ɗaukewa, su ƙarasa kashi na biyu.

Wata goma sha ɗaya ke nan. Abokan aikinta sun watse, ɗaya yana gyaran waya, ɗaya yana tuƙa zem na gaske. Ita kuma wani kamfani a ƙasar waje ya kira ta aiki, ya ce ta ba da amsa kafin Juma'a. Ta ƙi amsawa. Wai Mai Girma ya buga wasanta, ya san darajarsa, ba zai bari ta tafi ba. Uwarta ta yi faɗa har ta gaji da wannan jiran gawon shanu.

To, na isa rumfar Dosu mai sayar da tsofaffin wasanni, gumi sharkaf. Na waiga hagu da dama, na ce a hankali, "Akwai na ɗan zem?"

Dosu ya kwashe da dariya. "Tonton, ba kai ne maƙwabcin mai shi ba? Kai ma maƙiyin ƙasa ne ashe!"

"Rufe mini baki, ɗan nema. Akwai ko babu?"

"Biyu ma. Ga wanda ya sha hannu har rubutun jikinsa ya goge. Ga kuma wani sabo fil, ko ledarsa ba a yaga ba. Direban wani babba ne ya kawo cikin kwalin tarkacen kyaututtuka, da agogon bango da faranti mai hoto."

Na juya kwalin. Lamba ɗaya. "Ga wanda ya tuna da mu."

Jama'a, raina ya ɓaci, ɓacin da ban yi irinsa ba tun ranar da aka ce takardun fanshona ɓera ya ci. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi! Amma a yi masa adalci: ya ce kada a sayi gwanjo, bai taɓa cewa kada a sayar ba. Na kwashe duka biyun.

Maman Sika ta ce in ɓoye, kada in karya wa yarinya zuciya. Na ce Juma'a jibi ce, in na ɓoye na cuce ta. Na tarar da ita a ƙofar gida tana cin soyayyar ayaba, na ajiye mata kwalin a cinya. Ta daɗe tana kallon rubutunta. Ba ta yi kuka ba, ta dai shafa ledar da yatsa ta ce, "Ko buɗewa bai yi ba."

Sai ta hango ɗayan a aljihuna. "Wancan fa? Tonton! Gwanjo ka saya?"

"Tsinta na yi."

"A rumfar Dosu ka tsinta ko?"

Ta fizge ta sa a na'urata. Shi wasan nan, duk wanda ya ci maki mai yawa yana rubuta sunansa, harafi takwas kawai, kuma sunan yana zama a katin. Muka ƙirga suna sittin da ɗaya. Kati ɗaya tal! Ta ce, "Ka gani ko? Mutum sittin sun ci bulus." Sai kuma idonta ya kai can saman jerin, inda layi uku na farko ba sunayen 'yan wasa ba ne. Wani bawan Allah ne ya zauna ya daidaita makinsa sau uku don kalmomin su jeru: FIFAME. INA NA. BIYU?

A nan ne ta yi kukan. Ni ma wani abu ya faɗa mini a ido.

Na ce, "To, 'yata, kin ga ana son ki. Sai ki zauna."

Ta share fuska ta ce, "Tonton, suna sittin da ɗaya ba su kunna ƙwan fitila ɗaya. Wanda ke son wasan ba shi da abin saye, wanda ke da abin saye bai buɗe ba. Da wanne zan zauna?" Tana zaune a wurin ta aika wa kamfanin amsa. Ta sa tsohon katin a jakarta, ta ce shi za ta tafi da shi. Mai ledar kuwa ta bar mini.

Ina cikin rubuta wannan sai na ji a rediyo wai kwamitin zai yi gagarumin biki wata mai zuwa don karrama matasa masu ƙera wasanni, kuma sunan Fifame ne a kan gaba. Tunda ba za ta kasance a ƙasar ba, ni zan je a madadinta, in babur ya yarda. Ba a zuwa gaban manya hannu rabbana, don haka na riga na tanadi kyautar da zan miƙa wa Mai Girma, lamba ɗaya, sabuwa fil a ledarta. Dosu ya roƙe ni in gaya wa direban, in ya sake fito da ita, kada ya kai wata rumfar.