Abin da Barakatu Ta Gaya wa Mufattishi

"…da gajiyar hanya kuma? Ko da yake guzuma ba ta gajiya, sai dai a gaji da ita."

"Lahiya lau, bawana. Karɓi kwandon ga, ka tsaya kana kallona awa baƙon kasuwa."

Malam Jibirin ya miƙa hannu ya karɓi kwandon daddawa, Barakatu ta sauko daga jirgin ƙasa da baya-baya tana laluben matakala da ƙafa. Ita kaɗai ta sauka. Jirgin da ake jira da hantsi sai bayan azahar ya jawo jiki, yana tari kamar mai tsohuwar mura, ya ajiye ta ya nufi Madani. Tashar Hillar Maliki kuwa, in ka cire allon suna da ya koɗe, da benci ɗaya, da inuwar bagaruwa, ba abin da ya rage sai Jibirin.

Taubasai ne. Uban Barakatu kawun Jibirin ne, don haka tun suna 'yan tatsitsi take kiransa bawa, shi ma bai taɓa barin ta ci bulus ba. Yanzu duk sun haura saba'in. Matarsa Sakina ta rasu shekara huɗu ke nan, 'ya'yansa sun bi sababbin gonakin Managil, sa'o'insa an gama raka su makwanci ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka rage a gari sai dai su durƙusa su ce "Baba Malam," su wuce. Girma ya yi masa katanga, kaɗaici na cinsa a bayanta. Mutum ɗaya ya rage a duniya da zai ce masa ƙazami ya ji sanyi a ransa, ita ce wannan da jirgin Alhamis ke kawowa daga wajen Sinnar, wai ta zo tallar daddawa a garin da tukwanensa ba su kai ashirin ba.

To, gwamnati ta gaji da kukan jama'a a kan jirgin ƙasa. Yau makara, gobe inji ya mutu a daji, ga manyan motoci sun kwashe fasinja. Sai ta baza masu bincike su bi dogo, duk ƙaramar tashar da ba ta da amfani a rufe. Mako uku da suka wuce mufattishi, ɗaya daga masu binciken, ya iso nan da littafinsa, ya tarar da fasinja ɗaya tak, ya tambaye ta ko tashar na da amfani. Tsautsayi ya sa Jibirin na tsaye a gefenta, bakin taubashiya kuwa ba ya faɗin alheri a gaban taubashi. Ta ba shi amsa da Larabci tas, ya rubuta, ya sa ta dangwala yatsa. Ran nan Jibirin har hawaye ya yi don dariya. Yau kam dariyar ta ƙi zuwa.

Suka zauna, ita a wannan bakin benci, shi a wancan.

"Kin ga takardar da anka manna ga allo?"

"Kai da ka shekara sittin kana wanke allo ba ka kai Yasin ba, karanto min in ji ko ka fara ganewa."

"Sun ce daga ƙarshen wata gaɗar, jirgin ga namu, ba ya ƙara tsayawa nan, sai in an samu hujja. Mufattishi na tahe yau, zuwan ƙarshe. Aikin bakinki ne."

"Tambayata anka yi, na hwaɗi gaskiya. Na ce a rufe, ba kowa garin ga sai tsohon biri guda. Ƙarya na yi?"

"Har da dangwala yatsa."

"Yatsana ne. Kai ka saya min shi?"

"Baki shi ka yanka wuya, Barakatu."

"Wuyan wa? Ni hutawa zan yi. Yau tun asuba nike zaune cikin akwatin ga, ba ruwa, taga ba ta buɗewa, muna kai tsakiyar hawashoshi, cikin gonakin mutane, shi tsaya shi yi tagumi. Har akuyar wani mutum ta haihu muna wuri guda."

"Direba ya gaya min dalili. Warin daddawarki ka shaƙe injin. Ya ce ran da ba ki ciki, jirgin har tsuntsu shika tsere ma."

"Ran da ba ni ciki ba shi ko tashi. Albarkata ka tura shi. Dogon ga ma don ni Turawa sunka shimfiɗa shi, da sunka ji ɗiyar Mahmudu na da bawa a daji ba mai leƙa shi."

"Leƙa ni kike zuwa yi?"

"In gani ko ka mutu, in ɗauki butarka. Bawa da kayansa duk na uwargijiyarsa ne."

"Ni ma ba taryarki nike zuwa ba. Wani likita ya ce min a Rufa'a, mai ciwon ido shi riƙa kallon abu mummuna sau ɗaya a mako, ido na ƙara ƙarfi."

"To da ka sayi madubi, ka huta da tahiya."

Jibirin ya kau da kai. Idonsa ya bi dogo har inda ya haɗe da sama. Tashar da ke gaba tafiyar rabin yini ce a kan jaki, gwiwoyin Barakatu ba su san jaki ba yau shekara goma. Mota ba ta biyowa ta nan, in damina ta sauka baƙar lakar Jazira ko raƙumi ba ta bari. Shi kuma idonsa ya yi rauni, in rana ta karkata sai da lalube. In jirgi ya daina tsayawa, to sai dai wata rana a aiko masa da labarin rasuwarta, ko a aika mata da nasa. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba tun jinyar Sakina.

"Ka yi shiru. Haƙoran sun ƙare, harshen ma ya bi su?"

"Tunani nike, in an rufe, wa za ki samu ki zaga? Jikokinki ko Hausa ba su ji. Ki ce musu biri su ce miki shukran."

Barakatu ta gyara mayafi, ta ɗan jima tana kaɗe ƙurar da babu ita a zaninta.

"Sabo turken wawa," in ji ta. "Ni ba wawa ba ce."

"Shekara huɗu ba ki fashi Alhamis guda ba."

"Kasuwa ka kawo ni."

"Makon jiya curi uku kinka sayar. Biyu ni na saya."

"Shi ya sa na ce kai ne wawan."

Ana haka sai ga ƙarar ɗan keken dogo mai inji. Mufattishi ya sauko da kakinsa duk ƙura, mutum ne matsakaici, da ganin idonsa ka san ya gaji da rufe tashoshin mutane. Ya gaishe su da ladabi, ya buɗe littafi a shafin da ke da tambarin yatsa, ya yi magana da Larabci.

"Hajja, ke kaɗai ce fasinjar da ke sauka a nan kowane mako. Ga shaidarki, kin ce a rufe. Ƙa'ida ta ce in sake tambayarki kafin in aika. Kina nan a kan bakanki?"

Barakatu ta dubi littafin, ta saci kallon Jibirin. Ta ɗaga haɓa.

"Afandi, in za ku ɗauke tashar, ku taimaka ku haɗa da tsohon nan."

Mufattishi ya cire murfin alƙalami. Jibirin ya miƙe da sauri har sandarsa ta faɗi.

"Afandi, dakata. Wasa take yi. 'Yar kawuna ce, a wurinmu haka ake yi, tun kakanninmu ba su baro yamma ba."

"Ya Haj, gwamnati ba ta da shafin wasa. Abin da fasinja ya faɗa shi nake rubutawa, kai kuma ba fasinja ba ne."

Nan Jibirin ya gane inda gizo ke saƙa. Ko wuƙa za a ɗora mata, matar nan ba za ta iya cewa tana bukatar ganinsa ba muddin kunnensa na wurin. Shekara saba'in ba ta taɓa yi ba, harshenta bai san hanyar ba. Ya dube ta, ta dube shi, sai ta tura masa butarta da ƙafa.

"Bawa, ƙishirwa nike ji. Tahi tur'ar ban ruwan gonaki ka ɗebo min ruwa. Ba na bakin gaɓa ba, na can gaba inda ya kwanta."

Tun da aka haife su take aikensa, ko sau ɗaya bai taɓa zuwa ba, don zuwa aike amsa sunan bawa ne. Yau ya sunkuya ya ɗauki buta.

"Don kada ki mutu a garinmu a ce mu munka kashe ki," ya ce, ya juya.

Ya bi gefen auduga a hankali, ya wuce wurin da mata ke ɗiba, ya ƙara gaba har ya tabbata ko ihu ta yi ba zai ji ba. Da ya waiwaya, idon nasa mai rauni ya nuna masa abin da ya isa. Mufattishi ya tsuguna a gaban benci, Barakatu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, hannunta ɗaya na nuna wajen gari, yana dawowa kan ƙirjinta. Maganar ta yi tsawo. Jibirin ya cika buta, ya zubar, ya sake cikawa, ya zauna a bakin ruwa yana kallon inuwarsa. Ya so ƙwarai ya san abin da take faɗa, ya kuma san ba zai taɓa ji ba.

Ko da ya dawo, mufattishi ya yage shafin nan mai tambarin yatsa yana ninke shi.

"Ba ni ke yanke hukunci ba, ya Haj. Amma zan rubuta a bar ta har bayan tsinkar auduga, a sake dubawa. In na rubuta haka, ba a cika musa mini ba."

Ya ba Jibirin hannu, ya riƙe ya daɗe fiye da yadda gaisuwa ke bukata, ya ce Allah ya ƙara musu kwana su biyu. Ya hau kekensa ya bi dogo. Tashar ta koma shiru.

Jibirin ya dire buta a gabanta.

"Mi kinka ce mai?"

"Na ce a bar ta saboda gawarka. In ka mutu a samu abin ɗauke ta nesa da mutane."

"Duk tsawon lokacin ga?"

"Sai da na lissaho mai munin halinka. Ban ma kai rabi ba takarda ta cika."

"Shi ya sa idonki ya yi ja?"

"Hayaƙin gaɗar ne."

"Gaɗar ya wuce tun azahar."

"Hayaƙin nasu ne, shi ma makara shikai. Yanzu ya iso."

Dariya ta ƙwace wa Jibirin, ya yi ta yi har sai da ya dafa bagaruwa, ya goge ido da hannun riga. Can nesa jirgin komawa Sinnar ya yi kuka. Saboda makarar na safe, yau ko cikin gari ba za ta shiga ba. Ta bar masa kwandon ya kai wa mata, ya tallafa mata ta hau, ta samu wuri a bakin tagar da gilashinta ya fita.

Ya laluba aljihu ya fito da ɗan ƙullin tsumma mai danshi. Farin goro ne guda, wani maniyyaci da ya ratso daga gida ƙasar Hausa ya ba shi, abin da sai a yi wata shida ba a gani ba a ƙasar nan. Ya miƙa mata ta taga.

"Ungo. Yau kam kin ci ni, uwargijiya."

Ta juya goron a tafin hannu, ta sa farce ta ɓare shi biyu, ta mayar masa da ɓari ɗaya.

"Riƙe wannan. Kada ka ci sai na dawo, in gani ko bawa na da amana."

Jirgi ya yi tari ya ja. Jibirin ya tsaya har ƙararsa ta ɓace, sannan ya mayar da ɓarin goron cikin tsumma, ya jiƙa shi da sauran ruwan da ya ɗebo don kada ya bushe kafin mako ya zagayo. Ya ɗauki kwando ya nufi gari shi kaɗai.